Mai injin casar shinkafa da ma'aikata 18: wace doka ce ta hau kansa?

Dillalin_Shanshera:
Assalamu alaikum jama'a. Wata gardama ce ta ƙi ƙarewa tsakanin masu ƙananan injinan casa a Jega da Bunza, ina so masana su raba mu. Wasu sun kafe a kan cewa duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, babu ruwansa da dokokin ƙwadago: ba mafi ƙarancin albashi, ba fansho, ba kuɗin NSITF, wato asusun gwamnati na biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a aiki, ba sufeto. Mu ɗauki inji mai mutum 18 masu albashin wata, da 'yan dako wajen 20 da ake biya a kan buhu, akwai tukunyar turara shinkafa da janareta. Me ya hau kansa, me bai hau ba? Kuma mafi ƙarancin albashi na naira 75,000 ɗin da gwamnan Kebbi ya sa wa hannu ya shafe shi?

Barista_BK:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Lambar 25 gaskiya ce, amma a muhallinta. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wadda aka gyara a watan Yulin 2024 kuɗin ya koma naira 70,000, ita ce ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ta kuma cire masu aikin 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya kamasho ko jinga, da masu aikin da ke zuwa da lokacinsa irin na gona. Inda mutane ke ɓata shi ne su ɗauki 25 ɗin su shafa wa sauran dokoki, alhali kowace da ƙidayarta. Fansho daga mutum 15 yake farawa. Inshorar lafiya ta dokar 2022 daga mutum biyar. Kuɗin diyyar ma'aikata na NSITF ba shi da ƙidaya, ko mutum ɗaya ka ɗauka ka shiga. Ita kuwa dokar ƙwadago mai maganar takardar ɗaukar aiki da hutu da sallama, ba ta tambayi yawan mutanenka ba.

Kwamared_Kabi:
Batun 75,000, Gwamna Nasir Idris ya sa hannu a watan Oktoban 2024, amma na ma'aikatan jiha ne da na ƙananan hukumomi. Mai kamfani mai zaman kansa dokar tarayya yake bi, wato 70,000. Sai dai Barista, ina da ja. 18 da 20 ai 38 ke nan. Wa ya ce 'yan dako ba sa cikin ƙidaya? Dokar ta ce ba dole a ba ɗan jinga dubu 70 ba, ba ta ce shi ba mutum ba ne in an zo ƙirga ma'aikata.

Barista_BK:
Kwamared, wurin da lauyoyi za su kwana suna musu ke nan. Abin da kotu ke dubawa shi ne wa ke iko da su. In mai inji ne ke ɗaukarsu, shi ke sa musu lokacin zuwa, shi ke korar wanda ya ga dama, kuma ba sa yi wa kowa dako sai shi, to da wuya ya tsira da cewa ba ma'aikatansa ba ne. In kuwa ƙungiya ce da shugabanta, yau suna nan gobe suna kasuwar Jega suna sauke albasa, lissafinsu daban.

Akawun_Gwandu:
Kada a manta da ITF, asusun horar da ma'aikata, kashi ɗaya cikin ɗari na albashin shekara, ga duk mai ma'aikata biyar ko cinikin miliyan 50.

Hajiya_Akanta:
Malam Akawu, wancan tsohon tsari ne. Dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a watan Fabrairun 2023 ta mai da ITF kan masu mutum 25 zuwa sama. Ita ce kuma ta sa kashi 2.5 na asusun gidaje ya zama ganin dama ga ma'aikacin kamfani mai zaman kansa, don haka kada a ci gaba da yankar wa mutum ba da yardarsa ba.

Bari in yi wa Alhaji lissafin mutum ɗaya mai ɗaukar 70,000, mu ƙaddara duka albashin ake yi wa fansho. Mai kamfani zai sa kashi 10, naira 7,000. Za a cire wa ma'aikaci kashi 8, naira 5,600. Duka 12,600 ɗin su isa asusun fanshonsa cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, in aka makara akwai tarar da ba ta gaza kashi biyu ba a kowane wata. NSITF kashi ɗaya, naira 700, kuma wannan daga aljihun mai kamfani yake fita, laifi ne a cire shi daga albashi. Ke nan mutumin dubu 70 yana cin maka 77,700 kafin inshorar rai. Ita inshorar rai ta rukuni, abin da za a biya magada kada ya gaza albashin shekara sau uku, a nan naira 2,520,000. Wannan adadin kamfanin inshora ne zai biya in an rasu, kai ɗan kaso kaɗan kake ba su a shekara.

Haraji kuma: a sabuwar dokar da ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba haraji a kanta, mai mafi ƙarancin albashi kuma an yafe masa. Amma manaja da akawu da babban makanike suna iya haurawa, nasu sai a cire a kai hukumar harajin jiha kafin 10 ga wata mai bi.

Akawun_Gwandu:
To amma a aikace PenCom, hukumar kula da fansho, ba ta tsaya kan 15 ba. Mai neman takardar shaidarsu don kwangilar gwamnatin tarayya, daga mutum uku suke so su ga yana zuba musu.

Ɗan_Yauri77:
Duk wannan fa a takarda ne. Mutum na fama da kuɗin gas da tsadar shanshera, shinkafar waje ta karya kasuwa, sannan a ce ya ɗora kashi 11 a kan albashi? Mafita mai sauƙi ce: a raba kamfani biyu, ɗaya da sunan ƙane, kowanne mutum tara. An fita daga fansho, an huta.

Barista_BK:
Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago. Rajista biyu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, lissafin haraji biyu, akawu biyu, kuma NSITF na nan a kan kowanne. Ranar da aka je kotu kuma aka ga ƙofa ɗaya, janareta ɗaya, manaja ɗaya, lauyan ma'aikaci ba zai sha wahalar nuna cewa dabara ce ba.

Tsohon_Sufeto:
Ina karanta ku tun ɗazu, kowa ya tsaya ga albashi da kaso. Abin da anka bari shi ne wanda ke rufe ƙananan injina: haɗari. Albashi kana ganinsa tahe kowane wata, ka shirya mishi. Hannun yaro da bel ya cinye ba ya ba ka sanarwa.

Wanga wuri da Alhaji ya kwatanta masana'anta ne a idon Dokar Masana'antu ta 1987, kuma wajibi ne a yi mishi rajista da sashen sa ido kan masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, suna da ofishi a Birnin Kebbi. Rajistar CAC ba ta wadatar ba, daban suke. In haɗari ya kashe mutum, ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, sai an rubuta ma sufeto. Wannan daban da rahoton NSITF, wurare biyu ake kai takarda.

Gaskiyar Ɗan_Yauri guda ce: tarar dokar abin dariya ta koma. Ƙin kai rahoto naira 1,000, sakacin da ya jawo mutuwa naira 5,000 ko ɗauri har shekara biyu. Kuɗin 1987 ne. Amma sufeto na da abin da ya fi tara ciwo, shina iya ba ka takardar gyara da wa'adi, shina kuma iya ba da takardar hana amfani da inji har sai an gyara. A tsayar ma da tukunya mako biyu cikin kaka, shanshera jiƙe cikin tanki, sai ka ba da labari.

Injiniya_Argungu:
Allah ya saka da alheri, Baba Sufeto. Bari in faɗi inda hannu ke tafiya a injin casa, domin kusan kullum wuraren guda ne.

Na farko bel da fuli. Ana cire murfin don a ɗaure bel, sai a jingine shi a bango, shi ke nan ya zama wurin shanya riga. Murfin da zai zauna a wurinsa shi ne wanda aka yi da ragar ƙarfe a kan firam, mai ƙofa da fata da za a buɗe a gyara a rufe, ba wanda sai an kwance noti takwas ba. Ramukan ragar kada su wuce milimita 12, a bar tazarar santimita 10 zuwa 12 tsakaninta da bel, yadda ko an zura yatsa ba zai kai ba. A rufe bayan ma, ba gaba kaɗai ba. Haka kan shaft da ya leƙo waje da makullinsa, shi ne mai kama hannun riga ya nannaɗe. Babbar riga, rawani, gyale mai reto, duk a ajiye su a ƙofar ɗakin inji.

Na biyu, kuma shi ya fi yawa a wajenmu: an ɗauke wuta. Inji ya tsaya da shinkafa cunkushe a ciki, yaro ya zura hannu cikin dunƙulen da ke tura shinkafa ko ƙasan elebeta mai ɗaga shinkafa sama yana kwashewa, can waje wani ya tayar da janareta ya juya canji-oba, ko wutar ta dawo da kanta. In makunnin irin mai hannu ne da ake dannawa ya zauna, inji tashi zai yi nan take. Maganinsa a sa wa kowace mota sitata mai kontakta, wadda in wuta ta ɗauke take sakin kanta, ba ta komawa sai mutum ya danna koren maɓalli. Sannan duk mai shiga gyara ya kashe babban makunnin injin, ya sa masa kwaɗo, makullin na aljihunsa, ya danna koren ya tabbatar ba motsi kafin ya sa hannu. In su biyu ne, kwaɗo biyu. Kwali mai rubutu "ana gyara" ba ya hana komai, rabin yaran ba sa tsayawa karantawa.

Makaniken_Kamba:
Ƙari a kan na Injiniya: jan maɓallin tsayarwa ya kasance inda mai zuba shinkafa zai kai hannu daga inda yake tsaye. Wasu sai su kai shi jikin fanel a wani ɗaki.

Malam_Na_Zauro:
Tambaya ta gefe, a gafarce ni. Da yawan masu injinan nan abin da ke hana su ba kuɗin ba ne, shakkar inshora ce da kuɗin ruwa. Akwai hanyar da mutum zai bi doka bai taɓa abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba?

Hajiya_Akanta:
Akwai, Allah ya gafarta Malam. Inshorar rai ta rukuni ana yin ta da kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora. A fansho kuma tun 2021 PenCom ta buɗe asusu na shida, wanda ba a juya kuɗinsa ta hanyar ruwa. Ma'aikacin ne zai rubuta wa kamfanin fanshonsa ya ce a mai da shi can, ba mai gida ba.

Kwamared_Kabi:
Mu koma kan 'yan dako, don su ne kullum ake mantawa. Ko an yi musu a kan 25, a dokar diyya ta 2010, wadda NSITF ke aiki da ita, babu musu: ta ambaci mai aikin dindindin, da na wucin gadi, da ɗan koyo, da na rana ɗaya, da baki aka yi yarjejeniyar ko a rubuce. Kuma in ta hannun ɗan kwangila ka samo su, dokar na iya bin ku ku biyun a kan kuɗin da ba a zuba ba. Matakan su ne: wanda ya ji rauni ko iyalinsa su sanar da mai gida cikin kwana 14, mai gida ya kai rahoto NSITF cikin kwana bakwai, in rasuwa ce nan take. Neman diyyar kuma a shigar cikin shekara guda. Wanda ya nakasa gaba ɗaya kashi 90 na albashinsa ake ba shi duk wata, haka matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye. Har wanda kabu-kabu ya kayar a hanyarsa ta zuwa aiki daga gida yana ciki. Abin da ke kashe neman diyya shi ne mai gida bai taɓa sa sunan mutumin a jadawalin albashin da ya kai musu ba.

Ɗan_Yauri77:
A garinmu in abu ya faru ana zama da dangi da mai unguwa, a biya asibiti, a ba da abin da ya sawwaƙa, a yafe wa juna. Ba mu saba da kotu ba.

Barista_BK:
Sulhu alheri ne, ba wanda ya hana. Amma ka san abu biyu. Sulhun bai ɗauke maka wajibcin kai rahoto ba. Sannan tun gyaran tsarin mulki na 2010, shari'ar aiki da rauni a wurin aiki ta koma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, akwai reshenta a Sakkwato, kuma diyyar sakaci a can alƙali ne ke ƙiyasta ta, ba ta da alaƙa da tarar 5,000 da Baba ya ambata. Yaron da aka yafe a madadinsa yau, gobe ɗan'uwansa ya gama karatun lauya.

Tunda an zo nan, ga abin da ya kamata kowane mai inji ya riƙe. Takardar sharuɗɗan aiki a ba ma'aikaci kafin ya cika wata uku. Sanarwar sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga biyar zuwa sama, ko a biya kuɗin kwanakin. Hutun shekara aƙalla kwanakin aiki shida bayan wata 12, na rashin lafiya har kwana 12 da takardar likita. Yanke albashi a matsayin tara haramun ne, ko asara ma'aikaci ya jawo sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Kuma kotun nan ta daɗe da daina jin "na sallame shi don na ga dama", tana son a faɗi dalili.

Uwar_Marayu_Zuru:
A ƙara da na mata, tunda su ke tsintar tsakuwa da shanya a wurare da yawa. Hutun haihuwa mako shida kafin, mako shida bayan, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki. Mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana. Kuma don Allah a daina barin yara suna bin uwayensu cikin ɗakin inji. Doka ta hana sa ɗan ƙasa da shekara 16 aikin inji, balle na goye da ke rarrafe kusa da bel.

Injiniya_Argungu:
Saura tukunya, wadda Alhaji ya ambata ba wanda ya taɓa. In buɗaɗɗen tanki ne ake hura wa wuta a ƙasa, haɗarinsa ƙuna ne: a yi masa dakali da abin dafawa, bututun zubar da ruwan zafi ya bi ta rufaffiyar kwata. In kuwa rufaffiya ce mai tara tururi, ko da mai walda ne ya haɗa ta a bakin kasuwa, boila ce a idon doka, kuma ana son ƙwararren da hukuma ta amince da shi ya duba ta aƙalla sau ɗaya cikin wata 14. An kuma fitar da ƙa'idoji na musamman a kan boila da tankunan matsi a 2018.

Abu uku ba a kunna wuta sai da su: agogon matsi mai aiki, gilashin ganin ruwa, da bawul mai buɗe kansa in matsi ya yi yawa. Bawul ɗin ne ake cuta, yana fara tsiyaya sai a ɗaure shi da waya ko a ɗora masa dutse. Ruwan rijiyar burtsatse kuma yana barin ɓawon gishiri a ciki, ɓawon ya hana ruwa sanyaya ƙarfe, ƙarfen ya yi ja ya kumbura. Don haka a riƙa buɗe bawul na ƙasa kullum a zubar da laka. In gilashi ya nuna ruwa ya ƙafe, kada a kuskura a tura ruwan sanyi, a janye ɓuntun da ke ci a bar ta ta huce da kanta. Bayan kowace babbar walda a gwada ta da ruwa, a matsa har sau ɗaya da rabi na matsin aikinta. Da ruwa, ba da iskar kwamfuresa ba, domin in ta fashe da ruwa tsagewa kawai za ta yi.

Nas_Bagudo:
Ƙurar ɓuntu da ƙara ba sa zubar da jini shi ya sa ake raina su. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙananan ƙura, takunkumi mai lamba N95 ake so, a canza in numfashi ya fara nauyi. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, ƙarar ta kai a toshe kunne. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi na haura digiri 40, a ajiye randa da gishirin ORS kusa da masu loda. Buhun shanshera mai kilo 100 ya kusa ninka kilo 55 da ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ba da shawara ga namiji baligi, a sa mutum biyu ko a sayi baro.

Tsohon_Sufeto:
Da sito. Ƙwayar maganin ƙwari da ake sa ma buhuna iskar guba take saki, tana ratsa bango mai tsaga. In anka sa ta, a lulluɓe da tamfol marar huji, a rufe sito aƙalla kwana biyar zuwa bakwai, kuma maigadi kada ya kwana ciki ko ɗakin da ke manne da shi. Ƙofa kuma ba a kulle ta da mutane ciki don tsoron sata. Gobarar wata masana'anta a Ikorodu a 2002 ta ci ma'aikata da yawa saboda an kulle su, a 2020 kuma 'yan sanda sunka fito da ma'aikatan da anka tsare cikin wani kamfanin shinkafa a Kano.

Dillalin_Shanshera:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Abin da har yanzu ban kama ba: 'yan dakon da yau 20 ne gobe 12, yaya ake sa su a lissafin NSITF?

Hajiya_Akanta:
A buɗe musu littafi nasu: suna, lambar waya, ranar da mutum ya zo, buhu nawa, nawa ya karɓa, ya sa hannu ko ya dangwala. Ƙarshen wata a tara abin da aka biya su a haɗa da albashin 18 ɗin, a fitar da kashi ɗaya na jimillar. In albashi 1,080,000 ne, dako 600,000, za a zuba 16,800. A ajiye littafin aƙalla shekara uku.

Kwamared_Kabi:
Kuma ranar da littafin nan ya nuna mutum goma suna zuwa kullum wata shida a jere, Barista, ƙidayarka ta haura 25.

Barista_BK:
Tana iya haurawa. Sai a duba ko shugabansu ne ke karɓar kuɗin a dunƙule ya raba, ko akawun inji ne ke miƙa wa kowa nasa.